Saura Huɗu

…kuma ba ta rabuwa gida shida. Ba ta rabuwa. Malama Safara'u ta sani sarai, shekara goma sha biyu tana koya wa 'yan firamare wannan a Gwaram. Lambar da uku ba ta shiga ba, ina shida za ta shiga? To me ya sa take sake bugawa a bayan kwalin maganin Inna?

Hailala dubu saba'in. Haka liman ya ce ranar da aka kai Inna: 'ya'yanta su raba, su cika kafin sadakar bakwai. Gobe ke nan. Lamba mai sauƙin kai… biyu na raba ta, biyar, takwas, goma, sha shida — lambobi hamsin cif, ta lissafa su jiya, don rashin aikin yi ko don kada ta yi kuka, oho. Bakwai kuwa, dubu goma-goma, babu saura. Su bakwai Inna ta haifa.

Badaru ne bai karɓa ba. Auta. Ya tsaya a sahun baya, aka sallaci gawa, ya hau babur ya koma Birnin Kudu, ko zauren gidan bai taka ba. Shekara uku yana fushi, a kan gonar da Inna ta hana shi sayarwa — ga Inna nan a idon zuciyar Safara'u tana raba musu ƙosai, kashi bakwai, ta kifa kwano a kan ɗaya: "Na Badaru ne, kowa ya ɗauke idonsa" — a'a, dakan gumbar sadaka ne take ji a tsakar gida.

Su shida suka raba. Dubu goma sha ɗaya da ɗari shida da sittin da shida kowa, duk sun cika. Saura huɗu.

Huɗu fa! Ko numfashi biyu ba su kai ba. Ta faɗe su yanzu kowa ya huta, ai ladan na Inna ne, ko daga bakin wa ya fito. Amma in ta faɗa, an rufe lissafi da 'ya'ya shida, har abada. In ta bari… gobe a yi sadaka da giɓi? Tsoro take ji, wallahi, ba ta san na wanne ba. Sau tara ta kira wayar Badaru, tana shiga, ba ya ɗagawa.

Yatsanta na kan carbi. "La'ilaha…"

Bakin ya tsaya. Wayarta na kan tabarma, shiru.