Baƙon da Ke Cikin Maisie

Motar da ta ɗauko Maisie ba ta kai gidajen farko na garin ba Yaya Nora ta tare hanya, riƙe da tsohuwar garwa, ɗanyen ganye na hayaƙi a ciki.

"Sauko nan, Maisie. Ku biyu ne, ba za ku shiga haka ba."

Maisie ta sauko dafe da tabon da ke gefen mararta. Tun da ƙodojinta suka mutu take zaune a birnin Alice Springs, na'ura na tace mata jini, shekara da shekaru ko ɗigon fitsari babu. Yanzu an dasa mata ƙodar wani mamaci, an sallame ta. A gida kuwa, in mutum ya mutu ba a ƙara kiran sunansa, kayansa ma ƙonawa ake yi. Ita ga ta da kayan mamaci a cikin jiki.

"Ɗan gidan wa ne?" in ji Nora.

"Likitoci sun ce doka ta hana su faɗi sunansa."

"Oho! Turawa sun fara hankali ke nan."

Ba wadda ta yi dariya. Karnukan garin, da ba motar da ke wucewa ba su yi mata haushi ba, sun jeru can nesa sun zuba wa cikinta ido. Iska ta ɗauke cak. Hayaƙin da Nora ke kaɗo mata ya ƙi kama jikinta, sai ya zo daf ya kauce. Tsoro ya kama Maisie. In ƙasar ta ƙi baƙon nan, birni za ta koma, ta mutu a can kamar sauran masu ciwon ƙoda na garinsu.

"Ƙasar ba ta san warinsa ba ne," Nora ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ta sharce zufar hammatarta ta shafa a kan tabon, yadda ake yi wa kowane baƙo, sannan ta fuskanci duwatsu ta ɗaga murya. "Kakanni! Ga 'yarku ta dawo. Na tare da ita ba namu ba ne, amma aiki yake mata. Kada ku taɓa shi!"

Shiru, ko kukan tsuntsu babu.

Can sai Maisie ta ji mararta ta cika tam.

"Yaya, fitsari."

"To me kike jira? In ɗage miki siket?"

Ta zagaya bayan wani kurmi ta tsuguna. Jar ƙasar ta shanye nan take, kamar da ma jira take. Jinin nata ne, amma baƙon ne ya tace shi. Kafin ta miƙe iska ta taso, hayaƙin ya lulluɓe ta har tana tari.

Wani tsohon kare ya taho ya daɗe yana shinshina wurin. Ya ɗaga kai yana kaɗa jela, amma ba ita yake kallo ba, gefenta yake kallo, inda babu kowa.

Nora ta gani. Da suka kama hanyar gida sai ta ɗan matsa, ta bar gurbin mutum ɗaya a tsakaninsu.