Idon Anti Sikila

Tun kafin a yaye ƙyallen da aka lulluɓe hoton da shi, Auta ta san abin da ke ciki, don ita ta zaɓe shi da hannunta. Ranar da za a kai wa mai hoto ne ciwo ya kayar da ita, sai ta ba Mama ta kai. Hoton yayarta ne, wadda kowa ke kira Anti Sikila, tana tsaye a ƙofar asibiti da sandarta a hannun dama, kumatu a lotse, idanu rawaya kamar gwaiduwar ƙwai.

Shekara ashirin Yaya ta yi tana yawo da wannan ido, daga makaranta zuwa kasuwa zuwa tashar mota, tana roƙon mutane su yi gwajin jini kafin aure, su kuma daina ɓoye 'ya'yansu a ɗaka. In ta ga taro ya yi sanyi sai ta sa yatsa ta ja fatar idonta ƙasa ta ce, "Ku kalla da kyau, kallo kyauta ne. An ce ba zan kai goma ba, ga ni har furfura ta fara yi mini sallama." Ta rasu tana da arba'in da bakwai. Wasiyyarta ɗaya ce, kuma a hannun Auta ta bar ta: in har za a rataye hotonta a ɗakin jiran masu sikila, a rataye ta yadda take, don uwar da ta shigo da ɗa a kafaɗa ta ga cewa mai irin wannan ido yana girma.

Yau a ɗakin jiran an jera bencina, an ari lasifika mai tari. Shugaban ƙungiyar masu sikila, mutumin da in ya kama makirfo sai an yi kamar za a ƙwace, ya yi jawabi har ƙafafun Auta suka fara tsami. Sannan ya ja ƙyallen, ɗaki ya ɗauki tafi.

Auta ba ta tafa ba. Matar da ke bango tana da goshin Yaya da murmushin Yaya, amma idonta fari ne fat, kumatunta a cike, an goge sandar an bar hannun a dunƙule yana riƙe da iska. Ji ta yi kamar an sake yi mata rasuwa, wannan karon kuma da tafi.

Ta ratsa mutane ta iske mai hoto a baya yana gyara kyamara.

"Malam, wa ya sa ka wannan aika-aika? Shugaba ne ko?"

"Wane Shugaba?" in ji mai hoto. "Mahaifiyarku ce. Sau uku tana zuwa shagona. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni tana nunawa da yatsa, nan a share, nan a ƙara. Ni dai ɗan aike ne, ranki ya daɗe."

Da Shugaba ne, da Auta ta san ta inda za ta fara, don ta riga ta tanadi maganar da za ta yaɓa masa. Amma Mama! Maman da ta zauna bakin gado tana ji lokacin da Yaya ke ba da wasiyyar, har da gyaɗa kai.

Auta ta same ta a baranda kusa da tagar karɓar magani, tana amsa gaisuwar mata. Ta jira suka wuce.

"Mama, amana na ba ki."

Mama ba ta yi gardama ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Shekara arba'in da bakwai ina kallon wannan ido, Auta. Na yi addu'a, na yi magani, bai washe ba ko na yini ɗaya. Ko a hoto ma ba za a bari 'yata ta warke ba?"

"Ai ba ita ba ce. Kin ɗauke Yaya kin rataye wata."

"Ni na haife ta. Na san yadda za ta kasance da ciwon bai taɓa ta ba."

"To ni fa? Nawa idon ma haka yake. In na tafi, ni ma shago za ki kai ni a wanke?"

Mama ta kawar da kai ta dubi layin masu karɓar magani.

Taro ya watse, aka mayar da bencina yadda suke, marasa lafiya suka dawo layi. Auta ta zauna tana jiran ƙafafunta su saki. Kusa da ita wata mata ce rungume da 'yarta mai kamar shekara shida, yarinyar ta lafe tana nishi ƙasa-ƙasa. Matar ta ɗaga kai ta dubi bango.

"Baiwar Allah, wace ce wannan da aka yi wa taro? Likita ce?"

"Yayata ce. Sikila gare ta, kamar 'yarki. Ta kai arba'in da bakwai."

Matar ta sake duban hoton, ta yi wani murmushi na wadda ta gaji da lallashi, ta ƙara ƙanƙame 'yarta.

"Allah Ya saka miki, na san hankalina kike so ki kwantar. Amma ai ina da ido. Dubi wannan, lafiyayya ce sumul. Irin namu ba sa kai haka."

Auta ta buɗe baki za ta rantse, ta ɗaga hannu za ta nuna mata shaida a bango. Ta duba daga sama har ƙasa, ba ta sami abin nunawa ba.