Inci Ɗaya

Likita ta girgiza 'yar kwalbar, ƙwayoyi shida suka yi ƙara a ciki. Ta juya ta gaba da baya. Babu sunan kamfani, babu jerin abubuwan da aka haɗa, babu ranar lalacewa, sai hoton wata mace mai ƙugu kamar zanzaro.

"Malam, tun yaushe matarka take shan wannan?"

Da safen nan tela ya fara ganin kwalbar, lokacin da matarsa ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, kwalbar ta gangaro daga jakarta.

"Ka san tana da hawan jini?"

"Na sani. Tun haihuwarta ta uku."

"To mai hawan jini ko maganin mura ba ta sha sai ta tambaya, balle abin da ba a san me ke cikinsa ba. Irin waɗannan, wasu ruwan jiki suke zuƙewa, wasu su sa zuciya gudu. Da ta zo mana, da mun duba ta mun shirya mata hanyar da ta dace. Yanzu ƙodarta ta taɓu. Sai gwajin gobe ya fito zan san ko ƙodar za ta farfaɗo."

* * *

Shekara goma sha ɗaya shi yake ɗinka mata kaya. Awonta a kansa yake, ba ya buƙatar littafi. Bayan haihuwa ta uku jikinta ya buɗe, abin ya tsaya masa a rai, amma bai taɓa furtawa ba. A ganinsa, cewa mace ta yi ƙiba cin fuska ne. Sai ya yi dabara irin ta masu allura: kowace sabuwar riga ya rage mata inci ɗaya a ƙugu, ya naɗe ragowar yadin a cikin ɗinki. Riga ta faɗa mata abin da bakinsa ya kasa.

"Baban yara, wannan ma ta matse ni. Ko dai idonka ya fara tsufa?"

"Gimbiya, tef ba ya ƙarya."

Ta yi dariya a ranar. A riga ta huɗu ba ta yi ba. Ta tsaya gaban madubi ta daɗe, sannan ta ninke rigar ta ajiye.

Wata biyu bayan haka ta fara kawo masa riguna ya tsuke. Ya taka keke yana murmushi, yana yaba wa kansa hikima. Ya ga tana shan ruwa kamar raƙumi, ya ga cokali yana rawa a hannunta. Ran nan ta kama hannunsa ta ɗora a ƙirjinta.

"Ji, kamar kekenka in aiki ya yi yawa."

"Zafi ne," ya ce, ya koma kan almakashinsa.

* * *

Ƙanwarta ce ta gaya masa sauran a barandar asibiti, tana kallon ƙasa.

"Yaya, a waya ta gani. Mai tallar ta ce ganye ne zalla, kilo goma a wata ɗaya. Da matarka ta ga ƙibar tana sauka, sai ta mayar da ƙwaya ɗaya biyu."

Ya shiga ɗakin da matarsa take kwance. Fuskarta ta kumbura, ƙafafunta sun yi suntum a ƙarƙashin mayafi. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Ka yafe mini, na ɓoye maka. Kunyar tef ɗinka na ji."

Ya so ya gaya mata zancen incin da yake ragewa. In ya faɗa, wa zai sami sauƙi, ita ko shi? In ya yi shiru, ta ci gaba da neman gafarar wanda ya kamata ya durƙusa mata. Yana cikin auna wannan nas ta leƙo.

"Maigida, a kawo mata riga mai yalwa. Waɗannan duk ba sa shigarta."

* * *

Da la'asar ya buɗe shago, bai amsa gaisuwar maƙwabta ba. Ya ɗauko shuɗiyar rigar da ta fi so, wadda wanki ya koɗar, ya juya cikinta waje, ya sa reza yana farke ɗinkin ƙugu zare bayan zare.

Incin ya fito. Yana nan inda ya ɓoye shi, shuɗi shar, kamar yau aka yanko shi daga kanti.