Badujala a Ƙofar Gidan Farfesa Tolliver

"Ba inda za ni," in ji Farfesa daga kan gado. "Ki mayar min da takalmana inda kika gan su."

Verlene ta tsaya a bakin ƙofa, tukunyar waken da ta kawo tana ƙona mata yatsu ta cikin tsumma. Jenella, 'yar Farfesa tilo, tana durƙushe tana cusa kaya a akwati kamar da akwatin take faɗa. Tun daga Houston ta tuƙo mota don ta kai mahaifinta babban asibitin can.

"Anti Verlene, don Allah ki sa baki. Likitocin can sun ce in kawo shi."

"Na nan ma sun gama magana," in ji Farfesa. "Zuciyar ta gaji. Ni da kaina ina jin ta, ta daina bin kiɗa."

Lucius Tolliver ya yi shekara arba'in da wani abu yana shugabantar 'yan badujalar kwalejin garin, a nan Mississippi. Ba shagon aski ko cocin da za ka shiga ba ka tarar da wanda ya taɓa shan faɗansa a filin atisaye ba. Verlene tana cikin 'yan matan farko da ya danƙa wa ƙaho. A shekararta ta biyu mahaifiyarta ta kwanta ciwo, mahaifinta ya ce karatu ya ƙare, ta dawo gona. Ran Lahadi sai ga Farfesa da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ratso taɓo har gindin baranda. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, yana ta cewa ƙahon nan ba zai busa kansa ba, har tsohon ya gaji ya ce a tafi da ita. Ta gama, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure, ta binne miji. Da gidan kusa da na Farfesa ya fito kasuwa ta saya. Har yau Gaines yake kiran ta, sunan gidansu, kamar ba ta taɓa aure ba.

Ta ja Jenella zuwa kicin, ta ɗora tukunyar a kan murhu.

"Asabar ɗin nan ce faretin tsofaffin ɗalibai," in ji Verlene. "Shi yake jira."

"Na sani mana. Duk garin nan 'ya'yansa ne, Anti. Ni ce dai na taso ina jiransa a bakin fili da jakar makaranta. Yanzu ma da nake so in yi masa wani abu, badujala ce ta riga ni."

Verlene ba ta musa ba. Ta yanka burodin masara ta tura mata.

"Na daɗe ina tsayawa a kan marasa lafiya, Jenella. Na ga kumburin ƙafafunsa, na ji numfashinsa. In kika sa shi a motar nan, ban ce ba zai kai ba. Amma can ɗin ba abin da za su ƙara masa sai allurai da silin ɗin da bai sani ba."

Jenella ta gutsuri burodin. Can ta ce, "Ko bakin titi ba zai iya fita ba. Faretin ma ba ya biyowa ta nan."

"Wannan ki bar min."

Ta kira Alvin Maddox, wanda ya gaji kujerar Farfesa. Shi ma ɗalibinsa ne, da ganga ya fara, yanzu furfura ta cinye masa gemu.

"Hukumar kwaleji ba za ta yarda a sauya hanyar fareti ba, Anti," in ji shi.

"Wa ya ce maka fareti? Ran Juma'a da yamma ba kwa atisaye ne?"

"Muna yi."

"To, titinmu ma kwalta ce."

Ran Juma'a suka tura gadon har jikin taga, suka ɗaga gilashin. Da la'asar sakaliya, tun kafin a ga kowa, ganguna suka fara dukan ƙirjin unguwa. Karnuka suka ɗauki haushi. Mata suka fito baranda da ludayi a hannu, mai shagon aski ya fito da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Sai ga su sun karyo kwana, yara fiye da ɗari cikin kayan atisaye, manyan ƙahoni suna walƙiya a kafaɗunsu. Suka cika titin, suka juyo suka fuskanci tagar, suka saki taken kwalejin.

Verlene tana share ido da gefen riga. Da ta waiwaya, sai ta ga Farfesa ya haɗe gira.

"Gangunan suna sauri," in ji Jenella ƙasa-ƙasa, kamar da kanta take magana.

Farfesa ya juyo da kai ya dube ta. "Kin ji, ko?"

"Kurma ma ya ji, Baba."

"Gaines! Je ki gaya wa Maddox masu gangunansa suna gudu kamar kare ya biyo su. A sake."

Verlene ta fita da silifas ɗinta na cikin gida, ta ratsa ciyawa, ta tsaya gaban Maddox ta isar da saƙo yadda aka ba ta, ba ta rage ko kalma ba. Maddox ya cire hula, ya yi dariya har hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Kun ji dai," ya ce wa yaran. "Mai gidan ya ce a sake!"

Aka sake. Verlene ta koma ciki tana haki.

"Da dama-dama," in ji Farfesa. "Amma akwai wata mai sarewa can layin baya, tana ɓoye sautinta a bayan na wasu. A ce mata ta busa. Ban taɓa kashe kowa a kan kuskure ba."

"Saura kaɗan dai," in ji Verlene, ta sake fita.

Yarinyar, wata siririya mai tabarau, ta rufe fuska da hannu da aka nuna ta, sauran suka yi mata shewa. Da za a fara karo na uku, Farfesa ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu, hannun ya koma kan bargo. Jenella ta zauna a bakin gadon, ta tallabo gwiwar hannunsa, ta ɗaga shi har saitin taga inda yaran za su gani. Yatsunsa suka fara sauka suna tashi. Maddox ya sauke nasa hannun, ya koma gefe ya tsaya cikin 'yan kallo. Gangunan suka lafa suka bi hannun tsohon, a hankali, a tare, kuma a can baya sarewa ɗaya ta fito fili tana rawa kaɗan amma ba ta ɓuya ba.

Da aka kai ƙarshe, titin ya yi tsit.

"To," in ji Farfesa. "A sallame su su je su ci abinci." Ya lumshe ido, sannan ya ƙara da cewa, "Jenella, kin fi su kunne su duka. Ke ce kika ƙi kiɗa."

"Wani dai ya kamata ya yi aikin hankali a gidan nan," in ji ta, ba ta saki hannun ba.

A ranar ta zazzage akwatin. Kwanakin da suka biyo baya ita take ba shi kunun masara da cokali, suna gardama a kan ko an sa gishiri. Ran Talata da hantsi, tana taje masa gashi, yana ba ta labarin wata motar fareti da ta taɓa mace musu a hanyar Memphis, sai ya tsaya a tsakiyar magana. Ta zauna jiran ya ci gaba. Da shirun ya yi yawa, ta leƙa ta taga ta kira Verlene, wadda ke shanya a bayan gida.

Cocin bai ɗauki mutane ba ranar jana'iza, har kan matakala aka tsaya. Da yamma, bayan baƙi sun watse da ragowar soyayyiyar tarwaɗa a cikin kwanuka, matan biyu suka fito baranda don su sha iska. Sai suka tarar 'yan badujalar sun bi ta nan daga maƙabarta, kowa ya cire fararen safar hannunsa na fareti ya rataye a kan katakon barandar, tun daga bakin matakala har jikin bango.

Hadari ya haɗo daga yamma. Verlene ta shiga ta ɗauko kwandon wanki. Suka fara daga gefe biyu, suna cirewa suna haɗa su bibbiyu, iska tana kaɗa waɗanda ba su kai gare su ba tukuna.