Izinin Malam Lukuman

Tun da hantsi Yero yake tsaye a ƙofar ofishin, sanda a kafaɗa, an ba shi kujera ya ƙi zama. Shanu saba'in ya koro daga ruga zuwa Ibeto saboda saƙon da ya shigo wayarsa cewa ranar Talata za a yi rigakafi. Ya isa ba likita ba allura, sai makiyaya irinsa suna kallon juna. A hanyar komawa saniyarsa guda ta yi ɓari.

Ofishin na Alhaji Mahfuz ne, wani ɗan ƙaramin kamfani a Kontagora mai tura wa makiyaya saƙon rigakafi. Jawahir ce ke kula da manhajojinsu. Kowace manhaja tana zaune cikin kwantenarta, wato ɗan akwatinta a cikin kwamfuta, wani babban tsari mai suna Kubernetes ke juya su, ita kuma Jawahir ita ke rubuta wanda zai iya leƙawa kawai, da wanda zai iya taɓawa.

Alhaji ya kira ta ciki ya tura ƙofa.

"Ki fita ki ba Bafulatanin nan haƙuri. Ki ce hannunki ne ya kuskure. Sai ki zauna gida wata guda, ƙura ta lafa."

 Jawahir ta juya masa kwamfutar.

"Alhaji, na'ura ba ta mantuwa. Ga sunan wanda ya shiga ranar Lahadi bayan la'asar. Ya sauke manhajar saƙo, ya ɗora ta bara. Ranakun bara ta tura wa mutane. Karanta sunan."

Alhaji bai karanta ba, don ya sani. Malam Lukuman ne, yayansa, wanda ya kafa tsarin da hannunsa, ya koya wa Jawahir aikin tun ba ta san komai ba. Wata takwas ke nan da ya ajiye aiki ya koma noma a Dukku, amma izininsa na shiga tsarin yana nan, babban izini mai buɗe ko'ina.

"Sau uku na ce a cire," in ji ta. "Sau uku!"

"Ke, rage murya. Yayana ne. Malaminki ne. Mutum ya tafi lafiya, an yi masa walima, sai ki bi bayansa ki rufe ƙofa kamar kin kama ɓarawo? Da wane ido zan dube shi ranar Sallah?"

"Ni kuma da wane ido zan dubi mutanen nan? Gobe duk Kontagora a ce 'yar da aka ba amana ta kashe wa makiyayi ɗan maraƙi. Wa zai ƙara ɗaukata aiki?"

"Wata guda ne fa, 'yata."

"Ba na zama ko kwana guda a kan abin da ban yi ba."

Ta ɗauki waya ta kira Dukku, ta buɗe muryar wayar yadda Alhaji zai ji. Ta gaishe da malaminta kamar yadda ta saba, ta tambayi gona, ta tambayi iyali. Sannan ta faɗa masa abin da ya faru, har da saniyar.

Ana jin kukan awaki ta can.

"Na leƙa ne na ga kwantenar saƙo kamar ta tsaya," in ji Malam Lukuman. "Na ce bari in taimaka, na ɗora fayil ɗin da ke wurina."

"Malam, ba tsayawa ta yi ba. Ni na dakatar da ita, likitoci ba su ba mu ranakun bana ba."

"To me ya sa aka bar min izinin?" Muryarsa ta tashi. "Ni na koya miki, wanda ya tafi a cire shi kafin ya kai tasha! Da na ga ba ku cire ba, na ɗauka so kuke in riƙa duba muku, kunyar faɗa kuke. Duk sati nake hawa tudu neman sabis saboda ku. Mahfuz yana wurin?"

"Ina ji, Yaya."

"Kai ka hana ta, ko? Tun kana yaro haka kake, ba ka iya faɗa wa mutum magana a fuska. Yanzu kuma yarinya za ka tura gaban mutane? Jawahir, goge sunana ina kan waya."

Ta goge. Layi biyu ne kacal, abin da ta roƙa wata takwas. Ta duba jerin ta ga Alhaji ma babban izini gare shi, shi da bai taɓa buɗe tsarin ba. Ta mayar da shi na leƙawa kawai, ta faɗa masa ba tare da ta ɗago kai ba.

 Alhaji ya gyara hula.

"Ba sai kin zauna gida ba," ya ce a hankali.

Ba ta yi godiya ba. Ta cikin taga ta ga ya fita ya miƙa wa Yero hannu biyu. Yero ya dubi hannun, ya tambaya da Hausarsa mai nauyi ko wannan karon wane ne zai faɗa masa ranar gaskiya. Alhaji ya waiwayo yana nemanta da ido. Jawahir ta bar shi ya tsaya a rana tukuna, ta gama rubuta wa likitoci tana neman ranakun bana, sannan ta miƙe.