Zaren Kitso a Hannun Dallatu

Shekara guda cur Sadisu ya yi bai gaishe da Dallatu ba. Idan sun haɗu a bakin dam sai ya kau da kai, mutane kuwa su ce boko ya ɓata ɗan marigayi Murtala. Ba a taɓa jin wanda ya ce Dallatu ya ɓata wani abu ba. Shi ne ciyaman na ƙungiyar masunta, shekara goma sha bakwai yana kan kujera, kuma a kan idonsa aka mayar da gidan sauro ragar kamun kifi, ana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, har ta kai mutum ya wuni a ruwa ya dawo da abin da bai rufe gindin bokiti ba. Kowa ya gani, kowa ya ce sai haƙuri.

Laifin Sadisu shi ne ya miƙe a taro ya faɗi haka. Ya karanto harkar kifi a kwaleji, ya dawo da sandar fatsa mai ƙwarƙwaro, wato faifan da ke naɗe zare. Ya ce manyan kifaye suna can ƙasa a tsakiyar dam inda raga ba ta kaiwa, a bar ƙananan su girma, a koyi jan ƙugiya a bayan jirgi ana tafiya a hankali. Dallatu ya ce a miƙo masa sandar ya gani. Ya jujjuya ta, ya ce wannan ai ta makafi ce, ya ɗora ta a gwiwa ya karya. Aka yi dariya, har da waɗanda suka sha cin tuwo a gidan mahaifinsa.

Sadisu bai kai ƙara ba. Ya sake haɗa kaya, ya samu Ishaya, wani mutumin Gbagyi da ya iya inji, suka gyara tsohon jirgin mahaifinsa. Kafin damina ta ƙare ya fito da giwan ruwa har uku, kowanne sai mutum biyu sun ɗauka. Da matasa suka fara tsayawa suna kallon kayansa, sai Dallatu ya ce ba basira ba ce, kaya ne, kuma kaya kowa zai iya saye. Ya aiki surukinsa cikin gari ya ce a kawo masa mafi ƙarfi a kanti. Shi da bakinsa ya kafa sharaɗi a gaban dattawa: ranar Asabar, daga hantsi zuwa azahar, wanda ya fara fito da giwan ruwa ya zauna, ɗayan ya fitar da jirginsa daga dam, babu dawowa.

Da safiyar Asabar Sadisu na zaune a bakin jirgi yana ɗaura zare. Wanda ya cika ƙwarƙwaro da shi zaren kitso ne, wato silili da yawa aka kitsa wuri ɗaya, siriri, mai yanka ruwa ya nutse can ƙasa, amma ba ya miƙewa ko kaɗan. Don haka ya ƙulla masa gaba huɗu na nailan a baki, saboda nailan yana miƙewa, shi ke shanye fizgar farko. Sandar da ya zaɓa kanta yana lanƙwasa, gindinta kuwa ba ya motsi. Ya sassauta birkin ƙwarƙwaron, ya ja zaren da hannu har ya ji yana fita da ɗan kuka, sannan ya bar shi haka.

"Oga Sadisu," in ji Ishaya, "wannan zare naka kamar gashin kai. Ka duba na Ciyaman fa, ko saniya ya kama zai jawo shi."

Sadisu ya duba. Sandar Dallatu kamar ƙotar fartanya, ba ta da alamar lanƙwasawa. Zaren kitso ne shi ma, mai kauri, an ɗaure shi kai tsaye a jikin ƙugiya, babu nailan. Ga Dallatu ya sa yatsu biyu yana murɗa birki, yana murɗawa, har ya tsaya cak, sannan ya ɗauko filaya ya ƙara.

"Ɗan boko!" Dallatu ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Na ga naka yana zuba zare tun a tudu. Ko zawo yake yi?"

Rosemary, mai sayen kifi a bakin ruwa, ta yi shewa. "Ciyaman, ka bar yaro mana, bai ci breakfast ba."

"Tun ba a haife shi ba nake ruwa, ban taɓa sakar wa kifi igiya ba. In ya kama, ni ko shi."

Magana ɗaya ta gargaɗi ta isa ta ceci Dallatu. Sadisu ya san abin da zai faru kamar an karanta masa. Shekara arba'in Dallatu yana fatsa da igiyar hannu, kuma mai igiyar hannu idan kifi ya fi ƙarfinsa abu ɗaya ya sani, ya naɗe igiya a tafinsa ya dage. Igiyar auduga tana yafe wannan. Zaren kitso ba ya yafewa. Sadisu ya buɗe baki, ya kalli gwiwar Dallatu, ya rufe.

"Allah ya ba mai rabo sa'a, Ciyaman," ya ce. Ita ce magana ta farko da ya yi masa a shekara.

Jiragen biyu suka nufi tsakiya, inda duwatsu suka nutse, ruwa ya yi duhu. Sadisu ya saki zare yana ƙirga gaba, da ya kai talatin ya tsaya, ya ce wa Ishaya ya rage gudu kamar tafiyar mutum. Dallatu bai ƙirga komai ba, yana dai bin bayansu, abin da suka yi ya yi. Rana ta ɗaga. Sau biyu suka zagaya duwatsun ba ko motsi.

A zagaye na uku sandar Dallatu ta fizge. Da ba a ɗaure take da jikin jirgi ba da ta tafi. Jirgin ya karkace, surukin da ke riƙe da inji ya yi salati, mutanen bakin ruwa suka ɗauki ihu. Sadisu ya ga kifin babba ne, kuma idan zaren ya riƙe, yau jirgin mahaifinsa zai kwana a tudu. Dallatu ya kama hannun ƙwarƙwaro ya murɗa, ya ƙi juyawa. Ya sake gwadawa. Sai ya saki sandar, ya miƙa hannun dama ya cafki zaren, ya naɗe sau uku.

Kifin ya nutsa.

Ba ihu Dallatu ya yi ba, wani irin nishi ne. Ya durƙusa, hannunsa ya miƙe waje, jini na bin zaren yana ɗiga a ruwa. Ya kasa saki, don zaren ya riga ya shige nama.

"Oga, hannunsa!" Ishaya ya juya inji bai jira umarni ba. "Zai cire yatsa! Oga!"

Sadisu ya ɗauko wuƙa, amma bai yi sauri ba. Da jiragen suka haɗu ya tsaya a kan Dallatu, ya dubi fuskar da ta yi dariya a taro, yanzu ta jiƙe da gumi.

"In yanke, Ciyaman?"

"Yanke!"

"Ban ji ba. Kifinka ne fa. Kar gobe a ce ɗan boko ya yi maka hassada."

"Don Allah ka yanke, Sadisu!"

Ruwa yana kai murya nesa. Na bakin gaɓa duk sun ji. Sadisu ya sa wuƙa, zaren ya tsinke da ƙara, Dallatu ya faɗi rigingine cikin jirgi. Sadisu ya jefa wa surukin tawul ya ce a ɗaure a kai shi asibiti, sannan ya ce wa Ishaya su koma, azahar ba ta yi ba.

Ishaya ya juya jirgin bai ko dube shi ba. Rana ta kusa tsakiya lokacin da ƙwarƙwaron Sadisu ya fara kuka. Ya bar kifin ya gudu da zare, ya naɗe, ya sake gudu, ya sake naɗewa, sandar na lanƙwasa tana dawowa, har kifin ya gaji ya taso da farin cikinsa sama. Bai kai wanda ya kuɓuce ba, amma giwan ruwa ne.

Da suka iso gaɓa Dallatu na zaune a gindin bishiya, an naɗe masa hannu, ya ƙi tafiya asibiti. Dattawa uku suka tari Sadisu tun bai sauko ba. Suka ce ya ci, kowa ya shaida, amma Ciyaman sa'an mahaifinsa ne, kuma ga abin da ya same shi, a bar maganar jirgi, a yi haƙuri.

"Baba, haƙurin nan naku ne ya cinye kifin dam ɗin nan," in ji Sadisu. "Sharaɗin nawa ne ko nasa?"

Rosemary ta sunkuyar da kai tana gyara kwandonta. Sadisu ya wuce su, ya kwance igiyar jirgin Dallatu daga turke, ya ɗora a kafaɗa ya fara ja shi kaɗai. Jirgin ya ƙi motsi. Ya sake dagewa. Sai wasu matasa biyu suka ajiye ragarsu suka zo suka kama, na uku ya biyo, gindin jirgin ya fara gurzar tsakuwa yana hawa tudu.