Laifin da Aka Ɗora wa Kurege

Da kakar shekarar 2005 muka fara yawon duba jami'o'i, ni da maigidana Laouali da babbar 'yarmu. Ni dai ban taɓa jin inda ake zagaya makaranta ana leƙa haƙoranta kamar ragon layya ba. A Maradi duk inda aka ba ka wuri nan za ka, ka kuma gode wa Allah. Amma a Greensboro, garin da muke zaune a Amurka, aka ce mana haka ake yi. Don haka duk Asabar Laouali yakan ajiye tasinsa, ni in bar shagon kitso a hannun abokiyar aikina Anti Yaa, 'yar Gana, mu kama hanya.

Za ku ga ban ambaci sunan yarinyar ba. Ba na faɗinsa. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata, kunya biyu ke nan a wuyana. Ubanta yana ce mata Inna, ni kuwa "ke" nake cewa, ta amsa. Ba na yabonta a gaban mutane, ba na nuna ɗokinta. Haka uwata ta yi da yayana har ta koma ga Allah, kuma duk unguwa an san shi ne hasken idonta. Ƙannenta kam ina kiran sunayensu, in rungume su, in yi musu kirari. Ban taɓa zaunar da ita na bayyana mata dalili ba. Wa ke bayyana wa ɗa kunya? Na ɗauka a nono ake shanta, na manta wannan yarinya tana da shekara uku aka sauke ta a Amurka.

Makarantar farko a Raleigh take. Wani saurayi mai jar riga ya zagaya da mu, yana tafiya da baya yana zuba kamar kanya. Da muka koma mota Laouali ya ce, "To Inna, yaya kika gani?"

Ta ɗaga ido ta dube ni ta madubi, sannan ta ce, "Baba, ba zan iya karatu inda mutane ke tafiya da baya ba."

Ta biyu a bakin teku take. Wannan kuma wai shimfiɗar ɗakin karatunsu launin miyar kukar da ta kwana gare ta. Ta uku, ƙararrawarsu ta cika surutu. Kowane lokaci sai ta dube ni ta madubin nan kafin ta yi magana, ni kuma na ɗauka tsiwa ce. Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. Na ce, "Ke, shimfiɗa za ki ci ko karatu za ki yi? Mutum ya bar sana'arsa, ya yini a hanya, ki ce masa miyar kuka?"

"Sorry, Mama," ta ce, ta mai da kai taga.

Ta huɗu tana can yamma cikin duwatsu, tafiyar awa uku. Tun daga ƙofa na ga yarinyar ta sauya. Ta wuce gaba, tana tambaya, tana taɓa bango. A ɗakin haɗa magunguna wata malama mai furfura ta tsaya da ita, suka yi ta magana har sauran suka wuce suka bar mu. Turancina bai kai in bi su ba, amma na ga yadda matar ke gyaɗa kai. Wallahi ji na yi ƙirjina ya cika har ina tsoron kada ya nuna a fuskata. Sai na ɗaure fuska tamau, na zuba wa takalmina ido.

Daga nan aka tara mu a wani zaure. Laouali ya fita neman inda zai yi azahar. Wata mai lasifika ta ce kowane uba ko uwa ya tashi ya faɗi sunan ɗansa, da abu guda da yake alfahari da shi. Aka fara daga layin gaba. Wata ta tashi har da hawaye, wai ɗanta ya iya busa ƙaho. Ana tafi, layi yana matsowa. Saura mutum uku, saura biyu. In tashi gaban baƙi ɗari in kira sunan surukata, in kuma yabi 'yar fari da bakina? Na ɗauki jakata na fice. Na shiga banɗaki na yi ta wanke hannun da ba shi da datti, har na ji tafi ya ƙare.

Da na dawo tana zaune inda na bar ta, ta rungume takardunta. Na zauna kusa da ita.

A mota Laouali ya ce, "Inna, wannan kam ai ta yi, ko?"

Na ji idonta a kaina ta madubi. Ina kallon duwatsu.

"Kuregunsu sun yi ƙiba da yawa," ta ce. "Ba sa tsoron mutane."

Laouali ya yi dariya har mota ta nemi barin hanya. Ni na yi ta faɗa har muka wuce Winston-Salem. Labarin kurege ya zagaya mutanenmu kaf, kuma ni ce na fi kowa yaɗa shi. Duk wadda ta zauna kitso sai na ba ta, ina kwaikwayon muryar yarinyar, ana dariya. Ita kuwa ta ce ƙaramar kwalejin da ke kusa da gida za ta shiga, bas guda ce. Muka ce to, ta huta mu huta.

Ranar goma ga watan Mayu ina juya katifarta na ga wata babbar ambulan. Ban iya karanta ta ba, amma na gane hoton duwatsun. Na sa ta a jaka na kai wa Anti Yaa a shago. Ta sa tabarau, ta karanta, ta sake karantawa.

"Ei, Fassouma! Sun ɗauke ta. Kuɗin makaranta ma sun yafe mata, har da ɗaki." Sai ta bi wani layi da yatsa. "Amma sun ce ta ba da amsa kafin ɗaya ga wata. Ta ba da?"

Ban sani ba. Ban ma san ta nema ba.

Na bar kan wata mata rabi a tsefe na koma gida. Ƙarfe uku da rabi yarinyar ta shigo da jakarta a kafaɗa. Ta ga ambulan a kan tebur, ta tsaya.

"Ke, kin ba su amsa?"

"A'a."

"Saboda kurege?" Na ɗaga murya, don ita na iya. "Za ki zubar da arzikinki saboda kurege?"

"Babu ruwan kurege, Mama." Da Hausarta mai tsamin Turanci take magana, a hankali. "Kowace uwa ta tashi. Da aka zo kanki, kujera ce kawai. Mai lasifikar ta ce ko akwai wanda ya zo da ni, na ce kin je banɗaki. Na ce a raina, ko wurin ne ba kya so, ko kuwa ba ki da abin faɗa. Duk inda muka je ina duba fuskarki, ba na ganin komai. Sai in nemo wani dalili, don kada ki sha wahalar cewa a'a."

Na buɗe baki in ce kunya ce, in ce haka ake yi, in ce uwata ma haka ta yi. Duk gaskiya ne, amma babu wanda zai mai da ɗaya ga wata. Kunya ta gaske ta kama ni a lokacin, irin wadda ba a yabon mutum da ita. Wata bakwai ina sayar da 'yata da dariya a shago, ashe ni ce kuregen.

Na jawo wayar gida na miƙa mata ambulan. "Buga mini lambar."

"Mama, it's too late. Lokaci ya wuce."

"Na ce ki buga."

Wata mata ta ɗauka. Na tattaro ɗan Turancina na ce ni uwar wata ɗaliba ce, an yi kuskure, kuma kuskuren nawa ne. Ta ce mene ne sunan ɗalibar.

Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofar kicin. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa.

"Kouloussoum," na ce. "Kouloussoum Laouali."

Matar ta ce in maimaita, na maimaita da ƙarfi. Na ƙara da abin da ba ta tambaya ba. Na ce yarinya ce mai ƙoƙari, tun tana shekara tara take karanta mana takardun asibiti, ba ta taɓa sa ni kuka ba. Matar ta saurara har na gama, sannan ta ba ni haƙuri. Ta ce an riga an ba wani gurbinta. Za ta sa sunan cikin masu jira, in wani ya fasa za su kira.

Na ajiye waya. Kouloussoum tana share ido da bakin mayafinta, tana ɗan murmushi.

"Ashe haka yake a bakinki," ta ce.

Ba su kira ba. Duk bazarar nan ban bar kowa ya daɗe a kan waya ba, amma ba su kira ba. Ta shiga kwalejin kusa da gida, tana hawa bas ɗinta. Ni na daina ba da labarin kurege, sai dai mutane ba su manta ba. Ko a bikin sunan da aka yi a McLeansville, nan kusa da mu, wata ta tsokane ta, ta ce ina 'yar da kurege ya kora daga lakwal, wato makaranta. Na yunƙura zan yi magana, Kouloussoum ta riga ni. Ta yi dariya ta ce, "Anti, ai ba ki ga ƙibarsu ba ne." Ta ba da labarin tun daga farko, ba ta sa ni a ciki ba, kuma ba ta dubi inda nake ba har ta gama.